Kiran da Ban Ji Ba

Ni ɗan fari ne, kuma mahaifina bai taɓa kiran sunana a gabana ba. In ina kusa sai ya ce, "Kai." In ina nesa ya dubi wanda ke gefensa ya ce, "Ce ma wancan ya taho." Ƙannena kuwa yakan jero sunayensu har da na wasa, ya ɗora autarmu a cinya yana ɓare mata gyaɗa. Ni ko ido muka haɗa sai ya kau da kai. Manya suka ce alkunya ce, haka kowane uba mai mutunci yake yi da ɗansa na fari. Na yarda da su a baki. A zuci kuwa abin ya daɗe yana ci na, kuma har na yi gemu ban daina son in ji yadda sunana zai fito daga bakinsa ba, ko da sau ɗaya.

Mu Sarkawa ne na wajen Yawuri, mutanen kogi. Baba ya tashi a cikin kwalekwale, ana cewa yakan nutse ya daɗe har mutanen bakin gaɓa su fara salati. Ni kuwa ana yaye ni aka kai ni riƙo wurin kakata ta wajen uwa, a wani ƙauyen tudu inda ruwa mafi zurfi shi ne na rijiya. Haka ɗan Basarke ya girma bai iya iyo ba. Da nake zuwa hutu gida, ƙannena na tsalle daga jirgi suna faɗawa kogi, ni ina zaune ina gadin rigunansu. Wanda ya kamata ya koya mini shi ne wanda ba ya iya kallon idona.

Da kifi ya ja baya a kogin, Baba ya samu hanya ya zo Doha. Ya yi shekaru yana aiki a jiragen katakon nan da ke yawo da baƙi a bakin teku. Daga baya ya roƙi kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, wani dattijon Balarabe, ya ɗauke ni direba. Labarin ma ba daga bakinsa na ji ba, ƙanena ne ya buga mini waya ya ce Baba ya ce a ce wa wancan ya yi fasfo. Na zo, na samu gado a wani ɗaki a unguwar Abu Hamour, shi yana kwana wajen jirage. Ranar Juma'a in je in gaishe shi, in durƙusa, ya amsa yana duban teku, ya tura mini ledar kifi da ƙafa. Ziyarar ke nan.

Dattijon nan kakanninsa fatake ne na teku, kuma ya daɗe da burin ya bi hanyarsu kafin ƙarfinsa ya ƙare. Ya sa aka gyara wani babban jirgin katako mai tafiya da iska, aka ɗinka masa ƙaton ƙyalle mai kusurwa uku, aka ce da sanyi ya shigo za a tashi daga Doha har Zanzibar. Akwai ɗan inji a ciki, amma na shiga tasha da fita ne kawai. Ana gab da tafiya likita ya hana dattijon da kansa, dattijon ya ce to jirgin dai sai ya je. Baba na cikin waɗanda aka ɗauka, mutum guda ya rage a cike ma'aikata, sai dattijon ya dube ni ta madubin mota ya ce, "Kai ba ɗan wane ba ne? Ruwa a jininku yake. Yalla, maza ka shirya." Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, sai na tuna cewa a jirgi babu inda Baba zai kauce mini. Na ce to.

Ranar da na hau da jakata, Baba na naɗe igiya. Ya dube ni, ya dubi jakar, ya ce da wani na kusa da shi, "Mi wanga ya zo yi nan?" Bai jira amsa ba ya ci gaba da aikinsa.

Kwanakin farko ban san inda kaina yake ba. Jiri da amai suka kwantar da ni a gindin buhunan shinkafa, ina jin katako na kuka, ƙyallen na bugawa, ana ihun a ja a saki da harsuna iri iri. Shugaban jirgin, wanda ake ce wa nahoda, mutumin Oman ne, ba ya son raggo, amma ya ƙyale ni. Duk sanda na buɗe ido sai in ga lemon tsami a yanke da 'yar citta a kusa da kaina. Na tambayi mai dafa abinci, ya ce ba shi ba ne. Ban ƙara tambaya ba.

Da na warware aka haɗa ni da wani ɗan Zanzibar, sa'ana, shi ke kula da igiyoyi. Mutum ne mai dariya da dukan jikinsa, ya yi aiki a manyan jiragen kaya, kuma babu abin da ba zai mai da shi wasa ba. Da guntun Larabcin kasuwa muke magana, sauran mu cike da hannu. Shi ya koya mini jan igiya ba tare da ta saɓule mini tafi ba, da kwarfe ruwan da ke taruwa a cikin jirgi, da yadda ake shiga bayin jirgin, wanda wani akwati ne a rataye a baya, teku na wucewa ta ƙarƙashinka. Ranar farko da na shiga na karanta duk addu'ar da na sani. Da na fito ya tambaye ni ko na gaishe da kifaye.

Rayuwar jirgi maimaici ce. Shayi da gurasa da safe, shinkafa da kifin da aka kama da rana, dabino in an ji yunwa a tsakani. Ruwan sha a auna yake, wanka da alwala da na teku, gishiri ya bushe a jiki yana ƙaiƙayi. Alƙibla ma ba ta zauna wuri ɗaya ba. A gida gabas muke duba, a Doha muka koyi duban yamma, a jirgi kuwa kullum sai nahoda ya nuna da hannu, kuma tana ta karkata arewa muna ƙara yin kudu. Wani lokaci ana cikin salla jirgi ya juya. Baba ya fi kowa jin haushin wannan. A sahu kuwa yakan san yadda ya yi ya sa mutum a tsakaninmu.

Ban taɓa ganin mahaifina da kyau ba sai a tafiyar nan. Mutumin da na sani da sunkuyar da kai, ashe a kan ruwa wani ne daban. Yana da furfura amma yana hawa sandar ƙyalle babu takalmi. Ya dubi launin ruwa ya ce akwai kifi, a jefa ƙugiya a ciro. Yana hira, yana tsokanar mai dafa abinci, har waƙar masunta na ji yana yi a hankali in yana ɗinki. Da na matso sai waƙar ta tsaya. Ɗan Zanzibar ya lura, ya tambaye ni ko faɗa muka yi. Na yi ƙoƙarin yi masa bayanin alkunya, Larabcina ya kasa. Ya ce, "To yana ƙin ka ne?" Na ce a'a. "Yana son ka?" Na ce haka nake zato. Ya girgiza kai ya ce mutanenmu suna da wahala.

Mun yi nisa da ƙasa sosai lokacin da iska ta ɗauke. Ƙyallen ya saki jiki ya rataya, teku ta kwanta lumui kamar mai a faranti, rana ta tsaya a tsakar ka. Kwalta na narkewa a tsakanin katako tana kama ƙafa. Nahoda ya hana ta da inji, ya ce mai na ranar buƙata ne. Kwana da kwanaki muna nan, igiyar ruwa na jan mu a hankali. Mutane suka fara faɗa a kan inuwa da kan wanda ya sha ruwa fiye da rabonsa. Ni ma na yi cacar baki da mai dafa abinci a kan cokali, abin da har yau in na tuna nake jin nauyi.

Wata hantsi nahoda ya duba na'urarsa ya ce mun hau layin ikwaita, wanda ya raba duniya arewa da kudu. Na leƙa ban ga komai ba sai ruwa irin na jiya. Ɗan Zanzibar kuwa ya daka tsalle. Ya ce a manyan jirage duk wanda bai taɓa tsallake layin ba sai an yi masa wankan teku, in ba haka ba bai zama ɗan jirgi ba. Nahoda ya ga mutanensa sun gaji da juna, ya ce a yi, tunda ruwa a kwance yake. Aka samo igiya, za a ɗaura wa mutum a ƙirji, a zura shi ta gefen jirgi, a tsoma shi a ɗago. Aka fara da mai dafa abinci, ya fito yana tofar da ruwa yana zagi da harshensu, kowa ya faɗi don dariya. Rabon da a yi dariya a jirgin har an manta.

Aka zo kaina. Na ɗan ja da baya. Wani ya miƙo rigar nan mai hana nutsewa, ɗan Zanzibar ya ture ta ya ce, "Ɗan wannan dattijon? Kada ku ci masa mutunci." Nahoda ya juya wajen Baba yana murmushi ya ce, "Yaya, ɗanka kifi ne irinka?"

Baba na zaune a gefe yana gyaran ƙugiya. Ya san ban iya iyo ba, na kuma san ya sani. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Amma yaya zai ce a bar ni, a gaban mutane, ya nuna yana jin tsoro saboda ɗan fari? Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da murza zaren. Ni kuma in buɗe baki a gabansa in ce ɗan Basarke yana tsoron ruwa? Na cire riga na ɗaga hannuwa aka ɗaura mini igiya. Har yau in na tuna shirun da muka yi mu biyu sai raina ya ɓaci, kuma ban san wanda nake jin haushi ba.

Tsomawar farko na daure. A ta biyu ruwa ya shiga hancina, na firgice, na fara fizge-fizge ina ɗaga hannuwa sama, abin da ba a yi. Igiyar ta zame ta kaina ta fita. Na ga cikin jirgin baƙi a samana yana nisa, ruwan kore ne, sannan ya fara duhu. Babu ƙara ko kaɗan, sai wani nauyi a kunnuwana. Na tuna kakata, na yi ƙoƙarin yin shahada, ruwa ya cika mini baki. Can na ji an damƙi gashina ta baya, an juya ni, hannu ya sarƙe wuyana, ana ja na sama.

Na farfaɗo a kan katako ina aman ruwan gishiri. Baba na tsaye yana haki, rigarsa na ɗiga, ya dafe haƙarƙarinsa na dama. Wajen ɗago ni jirgin ya gyaɗa ya buge shi. Na ɗaga kai na dube shi. Ya dubi mai dafa abinci ya ce, "A ba shi shayi." Ya wuce bayan jirgi.

Da la'asar ɗan Zanzibar ya zo ya zauna kusa da ni, babu dariya a fuskarsa. Ya ba ni haƙuri har ya gaji. Sannan ya ce, "Ka ce mini ba ya kiran sunanka."

Na ce, "Ba ya kira."

Ya ce, "Yau ya kira. Igiya na fitowa babu kai ya miƙe ya ƙwala sunanka, ya sake ƙwalawa, sannan ya faɗa. Wallahi na ɗauka maƙogwaronsa zai tsage."

Na tambayi mai dafa abinci, ya ce haka ne. Na tambayi nahoda, ya ce har tukunya ta amsa. Duk wanda ke cikin jirgin nan ya ji, Balarabe da Ba'indiye da wanda bai san ko sunan mutum ba ne. Ni da aka kira ina ƙarƙashin ruwa. Na juya fuskata wajen teku na yi kuka, dalilin ma ban tsaya tantancewa ba.

Washegari iska ta dawo, ƙyallen ya cika, aka yi kabbara. Ni kuwa na shiga jira. Na ce tunda bakin ya buɗe sau ɗaya, zai sake. Na riƙa giftawa ta gabansa ba dalili. Na riƙa yin nisa da gangan in ana neman hannu, don dole ta sa ya kira. Sai in ji, "Ce ma wancan ya kama nan." Tari ya kama shi tun daren ranar, da farko busasshe, daga baya mai nauyi, kuma ba ya iya kwanciya ta dama. Ya daina hawa sanda. Ni na koma yanka lemon tsami ina ajiye masa, shi kuma ya yi kamar bai san mai ajiyewa ba.

Sau ɗaya na yi ta maza. Na kai masa shayi bayan azahar, yana jingine da buhu, babu kowa kusa. Na durƙusa na ce, "Baba, an ce ranar nan ka kira ni."

Ya hura shayin ya ce, "Wa ya ce?"

"Kowa ma."

"Mutane ba su rasa abin faɗi." Ya kurɓa, ya yi tari, ya daɗe yana duban ƙyallen. Na ɗauka wata magana na tafe. Sai ya ce, "In an koma, ka samu wanda zai koya maka iyo. Tashi ka taya su aiki."

Mun isa Zanzibar yana zazzaɓi. Ban ga garin ba, abin da na sani shi ne hanyar asibiti da warin kanumfari a tasha. Likitan can ya ce haƙarƙari ya tsage, ruwa kuma ya taru a huhu. Dattijon kafil ya sa aka dawo da mu Doha ta jirgin sama. Tafiyar da ta ci mana makonni muka yi ta tsakanin hantsi da magariba, Baba na jingine da taga.

A asibitin Doha muka dace da wani likita Bakano, mai fara'a. Ya duba Baba, ya dube ni, ya ce, "Baba, wannan ɗanka ne? Kamar ta yi yawa." Baba ya dubi bango ya ce, "Haka suka ce." Likitan ya yi dariya don ya gane, ni ma na yi. A waje ya riƙe hannuna ya ce ciwon ya daɗe kafin a zo, ga shekaru, ga zuciya ta gaji, mu dai yi ta addu'a.

Na ɗauki hutu na zauna da shi. Ni ke ɗaga shi, ni ke goge masa baki, ni ke riƙe masa kofi. Da farko yana ƙi, yana cewa a kira ma'aikaciya, daga baya ƙarfin ƙin ya ƙare. In ƙannena suka bugo waya sai ya bi su da suna ɗaya ɗaya, yana tambayar 'ya'yansu, ni ina riƙe masa wayar a kunne. Ban taɓa jin kishin 'yan'uwana irin na kwanakin nan ba, kuma ina jin kunyar kishin. Kullum in zan shiga ɗakin sai in ce yau ne. Na san zan iya roƙonsa kai tsaye, in ce Baba ka faɗa in ji. Amma in ya faɗa don na roƙa, ba shi ne abin da nake nema ba, kuma ban so in sa mara lafiya ya ji nauyi.

Ranar da zai rasu, da hantsi, ya buɗe ido ya neme ni. Na matso. Ya kama yatsuna biyu ya riƙe, abin da bai taɓa yi ba. Leɓɓansa suka motsa, na kai kunnena har ina jin zafin numfashinsa. Ya ce, "Kai. Gyara min filo." Na gyara. Kafin azahar ya cika, ina yi masa shahada yana bi.

A maƙabartar Abu Hamour muka binne shi, nesa da kogin da ya haife shi. Mutanenmu sun zo da yawa, direbobi da masu gadi da malaman jami'a, har da likitan nan. Aka yi zaman gaisuwa a ɗakinmu, aka ture gadaje aka shimfiɗa tabarmi. A rana ta biyu sai ga ɗan Zanzibar, jirgin ya dawo ke nan. Ya rame. Ya zauna a bakin ƙofa ya kasa shigowa, yana ganin shi ya jawo. Na fita na kama hannunsa na ce khalas, magana ta wuce, kwana ne ya ƙare, kuma ni da Baba mun fi shi sanin abin da ya faru.

Muka zauna a matakala. Na ce ina da roƙo ɗaya. Ya ce in faɗa. Na ce, "Ka kira sunana yadda ya kira shi ranar nan."

Ya dube ni, ya gyara murya, ya gwada. Ya fito da harshensu, a karkace. Ya sake gwadawa da ƙarfi, har wani ya leƙo daga ɗaki. Na ce ya bari, ya isa.

Ya ce, "Ba zan iya ba, muryar ba tawa ba ce. Amma abu ɗaya na lura da shi. Mu duk sai da muka yi kwanaki muna tuntuɓe da sunan nan naka kafin bakinmu ya kama. Shi kuwa ka ce bai taɓa faɗa ba, amma ya fito masa sumul, kamar mai faɗinsa kullum."

Na ce masa na gode. Na tashi kamar zan yi alwala, na shiga bayi na rufe ƙofa, na buɗe famfo har ƙarshe don kada masu gaisuwa su ji.